Taken Sarkin Noma Ba Ya Shiga Birni

Da sunan Allah mai rahama mai jinƙai.

Zuwa ga autana Habu,

Assalamu alaikum. Bayan gaisuwa mai yawa, ina roƙon Allah ya kai ka Kano lafiya, ya tsare ka daga direba mai gyangyaɗi, da abinci mai ɓata ciki, da mutumin da zai washe maka baki tun bai san sunan ubanka ba. Innarka ta ƙulla maka ƙuli-ƙuli da yaji a jaka. Ni wannan takarda ce guzurina, kuma na ce a sa ta a ƙarƙashin kayanka, don kada ka gan ta sai ka sauka. In na faɗa maka baki da baki, ka san inda za mu ƙare: in ɗaga murya, ka sunkuyar da kai, ka tashi ka yi abin da ka yi niyya.

Malam Idi ne yake rubutawa, ni nake faɗa. Ban taɓa shiga aji ba, kuma har yau ban ga abin da na rasa ba. Na ce masa ya sa magana yadda ta fito, kada ya yi mata kwalliya. In ka ci karo da kalma mai laushi a ciki, tasa ce.

Ba zan hana ka tafiya ba. Na ga rumbunmu, kai ma ka gani. Taki ya fi ƙarfin talaka, geron bana ba zai kai mu saukar ruwa ba, kuma da na ce ka tafi Watari ka yi aikin lambu a wurin ɗan kawunka, ka dube ni kamar na ce ka shiga rijiya. Hannunka na kiɗa ne, na sani, don ni na koya masa. To, je ka. Amma mutumin da ya kira ka, wanda kake ce wa Manaja, ban yarda da shi ba, kuma ina so ka san dalili.

Na lura da shi a bikin nan na Zakirai. Kowa yana kallon rawa, shi yana kallon hannunka, wayarsa a ɗage kamar mai shanya. Da ya biyo ka gida, a tsaye ya gaishe ni, da baƙin tabarau a fuska. An kawo fura, ya taɓa ludayi ya ajiye. Ya ce yana da lambu a bayan gari, da dandamali da kujeru da lasifika, manyan mutane suna zuwa ƙarshen mako su ji kiɗan gargajiya, kuma ya san masu gidajen biki da otal-otal da za su riƙa gayyatarka. Duk wannan ban kula ba. Abin da ya tsaya mini a wuya shi ne tambayar da ya yi maka yana shirin shiga mota. Ya ce, “Wai da gaske kowane manomi da takensa? Guda nawa ka iya?” Kai kuma ka yi dariya ka ce masa duka.

An taɓa yi mini wannan tambaya, Habu. A birnin da za ka aka yi mini ita. Ka sha jin tsofaffi suna yin shiru in an ambaci zamana a Kano, kuma na san an tsegunta maka wani abu, amma daga bakina ba ka taɓa ji ba. Ga shi yau.

Shekarar babban fari ce, lokacin da shanu suka riƙa faɗuwa a hanya. Ina saurayi kamarka. Gero ya tsiro ya ƙone, babu ciyawar da za a nome, balle a kira gayya, balle a nemi makaɗi. Kakanka Tanko, Allah ya jiƙansa, ya rataye gangar noma a zaure. Na ce zan tafi Kano da ita. Ya ce gangar gona ba ta da aiki a inda babu gona. Na jira ya tafi masallaci na sauke ta na kama hanya.

Na fara da bakin tasha. Daga nan wani ya kai ni gidan wata magajiya inda ake goge da rawa, na yi kwanaki ina raka mai gogen, har yaransa suka ga ana juyowa ana kallona suka ɓoye mini gula, sandar kiɗana. Ka san makaɗi ba gula ba shi da baki. Na bar gidan. Na leƙa filin dambe, can ma da masu wuri, kuma ba sa son baƙo. Ka riƙe wannan tun yanzu: duk inda ka ga ana kiɗa a birni, akwai wanda ya riga ka zama a wurin, kuma abincinsa ka zo rabawa. Zai kira ka ɗan'uwa, zai tambayi garinku, zai ce ya taɓa kwana a Zakirai. Ka amsa masa da kyau, amma gularka ta kwana a cikin rigarka.

Ƙarshe na faɗa wani otal a Sabon Gari. Yana da fili a baya, da bishiyar mangwaro, da tebura na ƙarfe. Akwai masu busa ƙahonin bature da manyan ganguna, su ne 'yan gida. In sun gaji sun tafi shan ruwa, sai a tura ni in cike wurin. Mai otal ɗin, wani kakkauran mutum da ake kira Ɗan Bariki, ya karɓe ni hannu biyu. Ya ba ni ɗaki a bayan madafa, ya ce a riƙa zuba mini shinkafa. Wanda ya fito daga inda ake cin ganye, ka san yadda shinkafa da mai za ta yi masa. Na ce Allah ya haɗa ni da uba.

A nan na yi wautar farko. Ya ce ɗakina yana yoyo, kuma akwai ɓeraye, gara gangar ta riƙa kwana a sitonsa. Na miƙa masa da hannuna, har da godiya. Daga ranar, in ina son in ga gangar ubana sai na nemi izini. Wani ya zo yana son in yi masa kiɗan suna a cikin gari, na je neman makulli, aka ce mai gida ya fita da shi. Na ce zan leƙa gida in duba kakanka, aka ce makullin ya ɓata, sai an kira maƙeri. Da yamma ta yi, lokacin wasa, sai ga makulli ya fito daga aljihunsa. Ba ganga ya kulle ba, ni ya kulle. Saboda haka, duk abin da kake kaɗawa, kada ya kwana a bayan makullin wani. Ko Manaja ya ce yana da ɗaki mai sanyi na ajiyar kayan kiɗa, ka ce masa naka ya saba da zafi. Kuma ka nemi wurin kwana da ba nasa ba. Akwai mutanen garinmu masu tura ruwa da masu faci a birni, ka raɓa da su ko a rumfa ne. Wanda yake ba ka aiki, kada ya zama shi yake ba ka tabarma, don ranar da kuka saɓa za ka rasa biyun tare.

Wauta ta biyu, na ɗauki tafi a bakin ƙauna. Ɗan Bariki ya kawo mini warki da malafa ya ce in riƙa sa su, wai mutane suna son su ga manomi na asali. Ni da nake da riga ta ta saƙi da kakarka ta ɗinka mini. Na cire na sa warki. Ina fitowa wuri ya ɗauki ihu, na ji kaina ya yi girma. Sai da na daɗe na gane wace irin dariya ce. Wata rana da la'asar na ji wani ma'aikaci yana ce wa abokinsa, bari a fito da baƙauyen nan mu sha dariya kafin 'yan kiɗa su dawo. Wato ni ba ɗan kiɗa ba ne. Malam Idi ya ce wai yanzu zamani ya canza, masu ilimi suna girmama gargajiya. Na ce masa ya rubuta abin da na faɗa. In sun ba ka wata shiga, ka tambayi kanka ko za ka iya shiga masallacin Juma'a na Zakirai da ita. In ba za ka iya ba, ka mayar musu. Kuma in ana tafi, ka dubi idanu. Wanda kiɗa ya kama ba ya kallon na kusa da shi don ya ga ko shi ma yana dariya.

Yanzu ga babbar.

Ka san abin da take yake nufi a wurinmu, amma bari in faɗa, don na ga samarin yanzu suna ɗaukarsa kamar kowane kiɗa. Take suna ne da ganga take kira. Kowane gidan noma da nasa, kakanni suka bari, kuma ba a kaɗa shi sai mai shi yana tsaye da fartanya a hannu. Mu makaɗa ajiya aka ba mu. Ba namu ba ne. Mai dukan ganga bai mallaki take ba, kamar yadda mai kiwon shanun wani bai mallaki ko maraƙi ba.

A lokacin Sarkin Noma Garba ne, uban Musa na yanzu. Ba ka gan shi da ƙarfinsa ba. Dogo ne, baƙi, ba ya son magana. Amma in gayya ta yi nisa, rana ta take, samari sun fara miƙewa suna dafa ƙugu, sai kakanka ya matsa bayansa ya sauya hannu, ganga ta ce, “Bijimin Barau, rana ta gaji, kai ba ka gaji ba.” Sai ka ga jikin Garba ya ɗauki tsuma tun daga kafaɗa. Ba ya jin kira, ba ya ganin kowa, sai ƙasa tana tashi a bayansa. Barau kakansa ne, wanda ya sari dajin da ya zama gonakin arewa da gari. In an kaɗa taken nan, ba Garba kaɗai yake noma ba, da matattunsa yake yi.

To, akwai wani ɗan kasuwa da yake zuwa otal ɗin kowace Lahadi da yamma, da mata biyu ko uku da ba nasa ba. Yana son a yi masa kirari. Wata Lahadi Ɗan Bariki ya ja ni gefe ya ce, “An ce kowane manomi da takensa. Guda nawa ka iya?” Na ce duka. Ya ce wanne ya fi zafi? Na ce na Sarkin Noma. Ya ce in ɗan taɓa masa ya ji. Na taɓa, a hankali, a bayan madafa. Ya ce, “Wannan za ka yi wa Alhaji yau.”

Na ce ba a yi. Na rantse maka na faɗa. Ya yi dariya ya ce waye zai ji, tsakanin nan da ƙauyenku akwai tafiyar yini, kuma mutanen garinku suna can suna haƙar gidan tururuwa neman hatsi, ba su da lokacin zuwa otal. Sai ya ɗan girgiza makullin sito a aljihu.

Na kaɗa. Rana ba ta faɗi ba, ina ganin fuskar kowa. Alhajin ya tashi da tumbinsa yana taka rawa, matan suka kewaye shi suna karkaɗa jiki suna guɗa, ana yi mini liƙi a goshi. Taken Bijimin Barau, a ƙarƙashin mangwaro, tsakanin kwalabe. Ya ce a sake, na sake. Daga ranar ya zama kiɗansa, yana shigowa ake ce mini in tashi.

Abin da ban sani ba, a cikin masu sauke akwatunan lemo a ƙofar baya akwai Audu, yaron mota ɗan unguwarmu. Ya ji, ya leƙo, ya gan ni, ya ga matan. Da mutumin kirki ne da ya ja ni gefe ya ce Ilu, bari. Bai yi ba. Ya ɗauki labari ya kai gari, ya zauna a bakin kasuwa ya baje shi, har da kwaikwayon rawar. Audu ya mutu, Allah ya jiƙan Musulmi, amma ban yafe masa wannan ba, kuma Malam Idi ya daina girgiza kai ya rubuta.

Na kuɓuta daga otal ɗin da ganga ranar da aka kira ɗan sanda saboda wani faɗa, sito yana buɗe, na saɓa ta na bi ta lungu. Na iso gida ruwa ya fara sauka. Kakanka ya karɓi gangar, ya juya ta, ya duba fata, ya rataye.

Damina ta yi kyau a shekarar. Sarkin Noma ya kira gayya, gari uku suka zo. Kakanka ne da ganga, ni ina bayansa da kazagi, ƙaramar da take raka ta. Rana ta take, samari suka fara sanyi, kakanka ya matsa ya sauya hannu. Kafaɗar Garba ta fara rawa. Sai wani saurayi daga garin maƙwabta ya miƙe a tsakiyar gona, ya ɗora hannu a ƙugu, ya karkaɗa ɗuwawu irin na matan bariki, ya yi guɗa. Gona ta fashe da dariya.

Garba ya tsaya. Tsumar ta sauka daga jikinsa kamar an zuba masa ruwa. Ya dubi saurayin, ya dubi kakanka, ni bai dube ni ba. Ya ajiye fartanya a kan kunyar da yake nomewa, ya fita daga gonarsa da ƙafarsa, ya bar baƙi a ciki. Daga ranar har ya koma ga Allah ba a sake kaɗa masa taken nan ba. In zai yi gayya sai ya ɗauko makaɗa daga wani gari, su yi kiɗan kowa da kowa. Sauran gidajen ma suka fara ja da baya, kowa yana tunanin ko nasa ma ya zaga otal. Kakanka ya tsufa yana kallon baƙin makaɗa suna wucewa ta ƙofar gidansa.

An ce in je in ba da haƙuri. Kakanka ya sayi goro ya ce in ɗauka mu tafi. Na ce ban yi sata ba, ban yi zina ba, yunwa ce ta kai ni, kuma in akwai mai laifi to Ɗan Bariki ne da Audu da ɗan iskan da ya yi rawa a gona. Har gobe ina nan a kan cewa sun fi ni laifi. Amma tsohon ya tafi shi kaɗai da ƙullin goronsa, ya durƙusa wa Garba, wanda bai kai shi shekaru ba. Garba ya karɓi goron ya ce, “Babu komai, Baba Tanko.” Ka ji tsoron babu komai ɗin mutumin da ba ya magana. Da na bi tsohon a ranar, ko ban ce uffan ba, wataƙila da abin ya zo da sauƙi. Ban bi ba. Wannan kam ba Audu ne ya riƙe mini ƙafa ba. In ka taɓa ɓata wa mutum, ka je da wuri, tun abin yana ɗanye, ko da kana ganin kai ne da gaskiya. Ni ban iya ba, kuma ba na jin zan iya yanzu, amma kai ka fi ni sanyin zuciya, halin innarka ka ɗauko.

Duk da haka na koya maka takunan garin nan gaba ɗaya, har da na Bijimin Barau, a cikin ɗaki, a kan turmi da tafin hannu. Kakanka ya ce kada a bar su su mutu ko ba mai nema. Yanzu duk ƙasar nan babu wanda ya riƙe su sai kai, don hannuna ya fara rawa.

Ga abin da ba ka sani ba, don ba ka gida ranar. Juma'ar da ta wuce, bayan an sauko, Sarkin Noma Musa ya yi sallama a zaurena. Tun da aka haife shi bai taɓa taka zauren nan ba. Ya zauna a kan tabarma, muka gaisa, ya yi ta zancen tsadar taki da tsadar 'yan ƙwadago. Ya ce yanzu ba mai iya biyan ma'aikata, dattawa sun zauna sun ga babu mafita sai a koma gayya irin ta da, yau gonar wannan, gobe ta wancan. Da ya tashi tafiya, yana sa takalmi, bai kalle ni ba, ya ce, “Baba Ilu, in ruwa ya zauna za a fara da gonar arewa. A ce wa Habu ya ɗaure ganga.” Na ce wane kiɗa za a yi? Ya ce, “Na gidanmu. Ban taɓa jin sa ba.”

Kada ka ɗauka na yarda da shi gaba ɗaya. Na san makaɗan da suke ɗaukowa sun mutu, 'ya'yansu sun koma acaba, ba shi da wani sai mu. Wataƙila buƙata ce ta kawo shi ba zumunci ba. Ko ma mene ne, ya zo, ya zauna, ya faɗa da bakinsa. Abin da kakanka ya mutu yana jira ke nan.

To ka ga inda muke. A zamanina sai da Audu ya hau mota ya kawo labari. Yanzu kowane mai zama a kujerun Manaja yana da Audu a aljihunsa. Ka kaɗa taken nan sau ɗaya a kan dandamali, kafin ka sauko yana cikin wayar yaran Zakirai, da hoton wata tana rawa a kansa. Musa zai fara jin taken kakanninsa daga wayar mai shayi. Bayan wannan babu goron da zai gyara.

Kuma ba a dandamali kaɗai za a nema ba. Za a ce ka ɗan taɓa a ji, a bayan fili, ba kowa. Ni ma a bayan madafa na fara. Za a kai ka ɗakin da suke ɗaukar murya a ce gwaji ne. An gaya mini suna da fiyano da take haɗiye kiɗa, in ta ji sau ɗaya sai ta riƙa amayar da shi ba makaɗi, a gidan biki ɗari a rana ɗaya. Za a zo maka da wani mai kyakkyawar Hausa ya ce don tarihi ne, kada abin kakanni ya ɓace. Ka ce masa bai ɓace ba, yana hannun masu shi, in yana so ya zo gonar arewa da damina ya roƙi Sarkin Noma, ya kuma zo da fartanya. In mace ce ta roƙa da murmushi, amsar ɗaya ce. In sun ce za su sallame ka, ka ɗauki jakarka.

Ka yi musu kiɗan biki, ka yi na 'yan mata, ka yi na mahauta in sun so, ka ƙirƙiro sabo ka ce musu ya shekara ɗari, ba za su gane ba. Kalangu na ba ka, shi ne na yawo. Gangar noma tana nan a zaure. Ka roƙe ni ita na yi shiru, to amsar ke nan: ta taɓa zuwa birni sau ɗaya, ya ishe ta. Na sa an jeme fatar akuyar da aka yanka da suna, zan ɗaure ta da kaina kafin ka dawo.

Na san Manaja ba zai bar ka ba. Ka riga ka ce masa ka iya duka, zai matsa sai ya ji na asali. Na kwana ina juya wannan, ga abin da na yanke. Akwai take ɗaya da mai shi ya yarda a kai birni. Nawa.

Ba ka san ina da shi ba. Cikin waɗanda na koya maka, shi ne ɗan gajeren nan mai tsalle da na ce maka na wani mutum ne da ya bar gari. Kakanka ya yi mini shi ina yaro, ranar da na ƙi fita daga gona sai na gama kunyata, ana ta kira a ci abinci. Ganga tana cewa, “Gajere mai gardama, ciyawa ta rantse ba ta dawowa.” In sun takura maka, ka ba su shi. Su yi rawa, su sa a waya, su zuba a fiyano. An riga an yi dariyata a garin nan ina cikin warki, ba abin da za su ƙara mini. Ni na ba da, da bakina, ga Malam Idi shaida. Na sauran mutane kuwa, ko rabin hannu.

Sharaɗi ɗaya ne. Makaɗi ba ya kaɗa wa kansa, kuma tun ranar da Garba ya ajiye fartanya kakanka bai sake yi mini shi ba, ni kuma ban roƙa ba. In ka ga hadari ya fara haɗuwa a gabas, kada ka jira Manaja ya ba ka izini, kada ka jira wani babban biki da za a ce saura shi kaɗai. Ka hau mota. Ranar gayya, in ka gama da Musa, in Allah ya sa tsumar ubansa tana jikinsa, ka waiwaya can gefen gona. Za ka ga wani tsoho gajere da fartanya. Kunya ɗaya zan iya, wataƙila rabi. Ka matso bayana ka sauya hannu.

Ka riƙe salla a kan lokaci, ko ana tsakiyar wasa. Kada ka sha abin da aka buɗe ba a gabanka ba. Innarka ta ce ka riƙa kira a wayar maƙwabta, ni ba sai ka neme ni ba, zan ji daga wurinta.

Allah ya tsare gabanka da bayanka, ya rufe bakin mai tsegumi, ya kare hannunka daga abin da zai sunkuyar da kanmu. Allah ya ba mu damina mai albarka, ya dawo mini da kai kafin ciyawa ta rufe gero. Amin.

Wassalam.

Ni ne mahaifinka,
Ilu na Tanko Makaɗi